Filin Tambaya da Amsa: Karatu Bayan Ajiye Aiki

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu daga Kano, kuma duk a kan neman ilimi ne bayan shekaru sun ja. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya bayan na cika shekara 35 ina aiki. Ina zaune a wani rukunin gidaje da ke yankin Hotoro, inda mafi yawan magidanta 'yan fansho ne irina, domin kusan lokaci guda muka mallaki gidajen tun muna bakin aiki. 'Ya'yanmu sun yi aure sun watse, an bar mu daga mu sai iyalanmu. Muna da majalisa da muke zama kullum bayan la'asar, amma hirarmu ba ta wuce fansho da tantancewa da siyasa da lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har wasu sun fara daina fitowa. Na kawo shawarar mu kafa wani abu na karatu da raya al'ada. Wasu suka ce mu rubuta wa gwamnati ta gina mana cibiya, wasu kuma suka ce lokacin karatu ya wuce mu. Ta ina ya kamata mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shawarata ta farko ita ce ku jinkirta rubuta wannan wasiƙa. Neman haƙƙi a wurin hukuma ba laifi ba ne, kuma tun 2018 aka sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, don haka akwai ƙofar da za ku ƙwanƙwasa nan gaba. Sai dai gini ba shi ne abin da kuka rasa ba, kuma idan kuka rataya shirinku a wuyan amsar wasiƙa, zai yiwu shekara biyu ta wuce majalisarku ta samu sabon abin ƙorafi kawai, ba ta samu darasi ko ɗaya ba. Abin da irin wannan shiri yake buƙata kuna da shi a hannu: mutane masu sani, da lokaci, da inuwar da kuka riga kuka saba haɗuwa a cikinta.

Akwai wani tsari da ake kira Jami'ar Zango na Uku na Rayuwa, wanda wani malamin jami'a mai suna Pierre Vellas ya fara a birnin Toulouse na Faransa a 1973, inda jami'a take buɗe wa dattawa ƙofa, malamanta su koyar da su. Da tsarin ya shiga Ingila a farkon shekarun 1980 sai aka sauya masa fasali: babu malamin da ake biya, babu jarrabawa, babu takardar shaida, 'yan ƙungiya ne suke koyar da junansu, wanda ya koyar yau gobe shi ne ɗalibi. Wannan fasali na biyu shi ne daidai da ku. Kuma ba baƙon abu ba ne ga Bakano, domin duk wanda ya san makarantun zaure na cikin birni, irin waɗanda suka sa Madabo ta yi suna a fiƙihu tun ƙarnuka da suka wuce, ya san cewa ɗan kasuwa mai furfura yakan zo bayan asuba da littafinsa a hammata, ya jira layinsa, ya ja baƙi malam ya fassara masa, ya tashi ya tafi rumfarsa, kuma haka zai yi ta yi har ƙarshen ransa ba tare da wani ya tambaye shi ranar da zai gama ba. Waɗanda suka ce lokaci ya wuce ku sun manta cewa a garin nan aka raine su, inda kowa ya san gemu ba ya hana ilimi.

Ku fara da ƙidayar kanku. Ku ɗauki takarda ku rubuta aikin da kowa ya yi da abin da ya iya, har da wanda bai shafi aikin ofis ba. Ina kyautata zaton za ku samu tsohon malamin asibiti da zai yi muku bayanin dalilin da ya sa ba a daina shan maganin hawan jini don an ji sauƙi, da malamin gona da ya san yadda ake renon zogale da lemo a ɗan filin bayan gida, da wanda ya yi aiki a kotu ya san yadda ake rubuta wasiyya da abin da ke jawo rigimar gado, da wanda ya iya Larabci, da wanda ya haddace waƙoƙin da aka daina rerawa. Kowannensu a ba shi rana.

A nan ne kuma matsalar da na fi ji muku tsoro take, wato muƙamin da aka bari a ofis amma bai bar zukata ba. A majalisar 'yan fansho tsohon babban sakatare yakan ci gaba da zama babban sakatare, tsohon direba kuma ya ci gaba da yin shiru idan manya suna magana, ko da shekara goma ta wuce da ritayarsu duka. Idan kuka shiga da wannan ɗabi'a cikin karatunku, mutum uku ne za su riƙa magana, sauran su yi ta gyangyaɗi har su janye. Alhali direban da ya shekara 30 yana bin hanyar Kano zuwa Legas ko Maiduguri ya san ƙasar nan ta fuskar da mai gidansa bai taɓa gani ba daga kujerar baya. Girmama na gaba wajibi ne, ba ina cewa a zubar da shi ba, amma ku sa doka tun ranar farko cewa shugabancin zama yana zagayawa, mai gabatar da darasi ba ya wuce rabin awa, kuma idan an zo tambayoyi ana farawa ne daga waɗanda ba su cika magana ba.

Kada ku taɓa majalisar la'asar. Ku bar ta da hirarta ta fansho da siyasa, domin ita ma tana da aikin da take yi, kuma mutum yana buƙatar inda zai sauke abin da ke ransa. Ku ware wa karatu hantsi, kamar daga ƙarfe 10 zuwa kafin azahar, sau biyu a mako, lokacin da jiki bai gaji ba kuma akwai hasken karanta rubutu. Kuɗin da za ku tara kada ya wuce na ruwan sha da takardu da motar fita. Da zarar an fara maganar anko da kalanda da neman uban ƙungiya a cikin 'yan siyasa, karatun ya zama ɗan rakiya.

Game da raya al'ada, kuna zaune ne a garin da mutane suke tasowa daga wasu ƙasashe don su gani, kuma abin mamaki shi ne yawan Kanawan da aka haifa a cikin ganuwa, suka yi furfura a cikinta, ba su taɓa shiga Gidan Makama ba, ginin da tarihinsa yake komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ku sa fita sau ɗaya a wata. Ku je Gidan Makama, ku je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ku je karofin Ƙofar Mata ku zauna da marina su nuna muku yadda ake haɗa baba da toka, da dalilin da ya sa ake tsoma ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska kafin shuɗin ya kama. Dutsen Dala kuwa sai wanda gwiwarsa ta yarda. Abin da zai raba fitarku da yawon buɗe ido shi ne shiri: kafin a tafi a ɗora wa mutum ɗaya ya karanta tarihin wurin ya faɗa wa sauran, bayan an dawo kuma a zauna a yi muhawara a kan abin da aka gani da abin da mai rakiya ya faɗa, domin ba duk abin da ake faɗa wa baƙi ne yake tsayuwa idan masu shekaru suka tankaɗe shi ba. Haka nan hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a Disambar 2024, kowa ya kalle shi, amma kaɗan ne za su iya bayyana tsarin jerin hakimai, ko bambancin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a manufa, ko aikin 'yan lifida da 'yan sulke. Ku gayyato wanda ya tashi a gidan sarauta ya warware muku, zai ji daɗin an tambaye shi.

Akwai kuma aikin da babu mai iya yin sa sai ku. Mutumin da ya haura shekara 65 a yau ya ga abubuwan da jikokinsa sai dai su karanta a takarda, idan ma an rubuta: ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da zamanin Audu Baƙo, da dalar gyada kafin ta ɓace, da komawar tuƙi hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata da yadda suka hargitsa farashi a kasuwa, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa suke aiki dare da rana. Littattafan tarihi sun rubuta shekarun, amma ba su rubuta yadda mai sayar da goro ya yi lissafin canji a makon farko na naira ba. Ku sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa, a naɗa a waya, a rubuta sunan mai magana da ranar da aka naɗa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Idan abin ya taru, ku nemi malaman tarihi na Jami'ar Bayero ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ku nuna musu.

Waɗanda suka daina fitowa kuwa, kada ku yanke musu hukuncin girman kai. Sau da yawa kunne ne ya yi nauyi mutum ya gaji da cewa a maimaita masa, ko ido ya yi yana, ko yawan fitsari ya sa yana jin kunyar tashi a tsakiyar zama, ko kuma rasuwar abokiyar zama ce ta karya masa gwiwa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa raunin ji da kaɗaici cikin abubuwan da suke ƙara haɗarin cutar mantuwa, kuma dukkansu ana iya yin wani abu a kai. Ku kai darasin zauren gidan wanda ya janye, ku roƙe shi ya zama mai gabatarwa a ranar. Sannan wasiƙarka ba ta ce komai a kan matanku ba, alhali su ma 'ya'yan nan sun watse sun bar su, kuma a cikinsu akwai tsofaffin malamai da ungozomomi. Ku tambaye su irin zaman da suke so, su tsara abinsu da kansu.

TAMBAYA: Mahaifiyata tana da shekara 68, muna zaune a Yakasai. Ta sauke Alƙur'ani tun tana yarinya kuma tana ɗan karanta ajami, amma ba ta yi boko ba. Tun bayan rasuwar mahaifinmu take son ta koyi karatu don ta riƙa duba sunaye a wayarta da kanta, ta kuma gane takardar magani. Jikoki sun fara koya mata, amma takan manta, su kuma su yi ta dariya, yanzu ta ce kanta ya toshe, ta haƙura. Yaya zan yi?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da alheri. Fara da gaya wa Hajiya, ki kuma gaya wa jikokin a gabanta, cewa wadda ta sauke Alƙur'ani kuma take karanta ajami ta riga ta iya karatu. Abu mafi wuya, wato gane cewa alama a takarda tana ɗauke da sauti kuma sautuka suna haɗuwa su ba da kalma, ta wuce shi fiye da shekara 50 da suka shige. Abin da ya rage mata shi ne sababbin haruffa da sabon hannu, daga hagu zuwa dama. Don haka a koya mata ta kan abin da ta sani: a rubuta harafin boko a gefen ɗan'uwansa na ajami, a nuna mata cewa wasalin da ta saba gani a sama ko a ƙasan baƙi, a boko harafi ne mai zaman kansa da yake biyo baya. A tsaya a Hausa kawai tukuna, domin rubutun Hausa yana bin lafazi, ba kamar Ingilishi ba.

Kafin komai, a kai ta a auna idonta. Daga wajen shekara 40 ido yake fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, a shekarunta kuma yanar ido ba abin mamaki ba ce, kuma tsofaffi da dama da suke cewa kansu ya toshe tabarau kawai suke buƙata. A ƙara girman rubutun wayar, a kuma rubuta mata darasi da manyan haruffa.

Mantuwar da take yi ba alamar toshewar kai ba ce. Tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya koya sabo yana zubewa ne da wuri, sai an yi ta komawa kansa a rarrabe sannan ya zauna. Hajiya ta san wannan fiye da mu, don da tilawa ta riƙe karatunta. Minti 15 kullum bayan ta gama lazimin safe ya fi mata awa biyu ranar Lahadi. Kalmomin farko su zama sunayen 'ya'yanta da na 'yan'uwanta kamar yadda suke a wayar, domin a makon farko ta kira wani da kanta ba tare da ta nemi yaro ba.

A sallami jikokin daga aikin malanta. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma ba za ki hana su tsokanarta ba, amma wasan da yake da daɗi a tsakar gida yana kashe gwiwa a kan darasi, ga shi kuma yaro ba ya da haƙurin jira, sai ya karɓe wayar ya danna da kansa. Ya fi kyau ta samu sa'o'inta. Islamiyyun matan aure da yawa suna haɗawa da darasin boko, kuma Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, aikinta ke nan, sai ki bincika ajin da ya fi kusa da ku. Idan ta ce ta tsufa da zama a aji, ki tuna mata cewa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa kowacce jaji, wato jagorar mata masu neman ilimi, su zo su ɗauki karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka.

Abu biyu na gargaɗi. Ranar da ta fara karanta saƙo, ranar ce 'yan damfara suka samu hanyar zuwa wurinta, don haka darasin farko na waya shi ne ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ko lambar da banki ya turo, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Na biyu, manta sabon harafi daban yake da ɓata a hanyar da aka saba bi, ko maimaita tambaya ɗaya sau da yawa cikin ɗan lokaci, ko rikicewa a girkin da aka shekara ana yi. Idan kin ga irin waɗannan, likita za a gani.

TAMBAYA: Shekarata 62, na yi ritaya a matsayin akanta da takardar difloma. Tun ina saurayi nake burin digiri, hidimar iyali ta hana. 'Ya'yana sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda ba aiki zan nema ba. Ina gaskiyarsu?

AMSA: Ranka ya daɗe, suna da gaskiya idan lissafin riba ake yi, amma ba ka ce riba kake nema ba. Burin da ya shekara 40 bai mutu ba ya cancanci a saurare shi, kuma ba kai ne farau ba: Cif Olusegun Obasanjo ya koma karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, bayan ya sauka daga mulki, har ya kai ga digirin digirgir yana da kimanin shekara 80. Sharaɗina guda ne, kada kuɗin makaranta ya fito daga abin da aka ware don magani da cefane, kuma kada a ci bashi dominsa.

Hanyoyi biyu ne a gabanka a Kano. NOUN tana da cibiyar karatu a nan, mafi yawan karatun a gida za ka yi shi, Jami'ar Bayero kuma tana da makarantar ci gaba da karatu mai ba da digiri na ɗan lokaci-lokaci, inda za ka zauna a aji da malami a gabanka. Idan kaɗaici yana cikin abin da ke damunka, ta biyun ta fi. Idan zirga-zirga ce wahalarka, ta farkon ta fi, sai dai rajista da aikin gida da wasu jarrabawowinta duk a kwamfuta ake yi, don haka ka ba kanka wata uku kana koyon kwamfuta kafin ka biya ko kwabo. Ka je da takardunka na asali, har da sakamakon sakandare, ka tambayi ko diflomarka za ta ba ka damar farawa daga shekara ta biyu, ka kuma nemi a rubuta maka jimillar kuɗin kowane zangon karatu, da na rajistar darussa da na jarrabawa, domin ka zauna da 'ya'yan naka ku duba lissafin tare.